Gargaɗi kan dillalan gidajen euro ɗaya na Italiya

Ina rubuta wannan gargaɗi daga Garwa domin 'yan'uwa 'yan kasuwa na Marwa da Njamena da sauran garuruwanmu, musamman waɗanda Allah ya hore wa abin hannu har suka fara sha'awar mallakar gida na biyu a ƙasar waje. Akwai wani mutum da ke tallata kansa a WhatsApp da Facebook a matsayin dillali mazaunin Italiya, yana cewa zai saya wa mutum gida da euro ɗaya, ya gyara masa shi, sannan ya samo masa takardar zama. Ƙanen mahaifina yana cikin waɗanda suka faɗa hannunsa, kuma da izininsa nake bayyana yadda abin ya faru.

Abin da ya ƙarfafa wannan damfara shi ne an gina ta a kan gaskiya. Gidajen euro ɗaya suna nan, wato kusan sefa 656 a kuɗinmu. Ƙananan garuruwa irin su Gangi da Mussomeli da Sambuca a tsibirin Sisili, da Ollolai a Sardiniya, matasansu sun watse zuwa birane sun bar tsofaffin gidaje sun zama kango, shi ya sa hukumomin garuruwan suke neman wanda zai karɓa ya raya su. Duk wanda ya bincika a intanet zai tarar da labarin, sai zuciyarsa ta natsu, alhali abin da ya tabbatar shi ne samuwar shirin kawai, bai tabbatar da mutumin da ke magana da shi ba.

Da farko dillalin ya nemi Baffa ya biya kuɗin buɗe fayil da na lambar haraji, wadda Italiyawa ke kira codice fiscale. Wannan lamba kyauta hukuma take bayarwa. Daga nan ya nemi kuɗin jingina, yana mai cewa doka ce, kuma lallai wasu garuruwan, ciki har da Sambuca, sun shardanta ajiyar euro 5,000, kimanin sefa miliyan 3 da dubu 280, tare da wa'adin shekara uku na kammala gyara. Bambancin shi ne wannan jingina hukumar gari ake yi wa ita a rubuce, dillalin kuwa ya ba da lambobin Orange Money da MTN na wasu mutane a Duwala, ya ce wakilansa ne, wai hanyar banki tana da jinkiri. Tun a nan ya kamata a tsaya. Gaskiya ne fitar da kuɗi masu yawa daga yankin CEMAC, wato ƙasashen Afirka ta Tsakiya masu amfani da sefa, yana buƙatar takardun hujja, tun da dokar canjin kuɗi ta 2018 ta tsananta lamarin, amma wannan jinkirin shi ne yake barin sawun da za a bi idan magana ta lalace.

Inda aka yi wa Baffa babbar illa shi ne wajen gyara. Kowane mako sai hotuna su iso: yau an sauke rufi, gobe an kawo yashi, jibi magina suna shafe bango, kuma kowane hoto yana tafe da sabon lissafi. Mutumin da ya riga ya zuba kuɗi ba ya son a ce aiki ya tsaya saboda shi, don haka Baffa ya yi ta turawa har wata bakwai. Sai da wani ɗansa da ke karatu a jami'ar Marwa ya lura cewa tagogin hoton farko ba su ne na hoton ƙarshe ba, ya bi sawun hotunan a intanet, ya tarar an kwaso su daga shafukan mutane daban-daban masu gyaran gidajensu. Da Baffa ya ce wa dillalin, "Malam, ka tsaya a ƙofar gidan ka kira ni ta bidiyo," sai uzuri ya fara yawa, bayan kwana uku lambar ta daina shiga.

Maganar takardar zama kuwa ƙarya ce tsagwaronta. Mallakar gida a Italiya ba ta ba baƙo izinin zama, kuma bizar masu zuba jari ta ƙasar ba ta lissafa sayen gida cikin hanyoyinta. Mai bizar Shengen ta ɗan lokaci kwana 90 kawai yake da su a cikin kowane kwana 180, ko yana da gida ko ba shi da shi. Haka nan cinikin gida a can ba ya ƙulluwa sai a gaban notaio, wanda yake daidai da notaire na nan, kuma shi ne yake duba ko ɗan ƙasar da ba ya zaune a Italiya yana da ikon saye, domin dokarsu tana la'akari da yadda ƙasar mai saye take yi wa Italiyawa. Takardar da aka turo wa Baffa mai tambari da sa hannu ba ta ɗauke da sunan notaio ko ɗaya.

Wanda yake da niyya ta gaske ya rubuta wa hukumar garin kai tsaye ta adireshin da ke shafinta, ya nemi takardar rajistar gidan da ake kira visura catastale domin ya ga sunan masu shi, kasancewar da yawa gidajen gado ne masu magada barkatai, kuma kada ya biya ko sisi kafin shi ko amintaccensa ya taka ƙafa cikin gidan tare da mai ƙiyasin aiki. Gyaran kango a can yakan ci dubban euro masu yawa, ban da haraji da ladan notaio.

Mun kai ƙara wurin 'yan sandan bincike a nan Garwa tare da rasit na kowane turi da hotunan hirarrakin. Duk wanda wannan mutum ya karɓi kuɗinsa, kada kunya ta sa ya goge saƙonnin, ya kai su ofishin 'yan sanda ko jandarma mafi kusa, domin lambobin Duwala da aka karɓi kuɗin da su suna da rajista da sunayen mutane.