Sakin tiyon numfashi ƙasa ko ɗaura gwangwanin tace mai?

Wani ɗan'uwa a wannan zaure ya ce ya ga baƙin mai yana naso a tiyon da ke shiga turbo a Hilux ɗinsa mai injin dizal ƙirar 2KD, wadda yake dakon buhuna da ita daga Dawanau. Wani bakanike ya ce a cire tiyon numfashin injin a sake shi ƙasa, wani kuma ya ce a ɗaura gwangwanin tace baƙin mai a kan tiyon, shi ne yake tambayar wanne ya fi.

Alhaji, kowane injin dizal yana sakin ɗan hayaƙi ta gefen ringin fistin zuwa ƙasa inda baƙin mai yake kwanciya, saboda tsananin matsin da ke cikin silinda. Toyota ta mayar da wannan tururi ta tiyon numfashi zuwa bakin turbo, wato na'urar da ke cusa wa injin iska, domin injin ya ƙone shi, amma yana tafe da ɓurɓushin mai, wanda ke kwanciya a intakula, wato abin da ke sanyaya iskar turbo, sannan ya haɗu da baƙin hayaƙin salansa da bawul ɗin da ake kira EGR ke dawowa da shi cikin injin, su zama wani kauri mai danƙo kamar kwalta a hanyar iska.

Sakin tiyo ƙasa ba ya cin kuɗi, kuma haka tsofaffin manyan motoci suke. Sai dai a Kano ina ganin illarsa ta fi amfaninsa yawa. Da zarar an cire tiyon, dole a toshe ramin da ya bari a bututun iska, kuma ramin yana bayan filta ne. Idan toshiyar ta saki a lokacin hunturu, ƙura za ta wuce kai tsaye cikin turbo da silinda, ta ci ringin da ake ƙoƙarin kārewa. Haka kuma an rasa ɗan zuƙon da turbo ke yi, wanda ke rage matsi a kan sil, wato robobin da ke hana mai yoyo, ga ɗigar mai a ƙasan mota da warin da ke shiga wurin direba a cunkoso.

Gwangwanin kuwa yana barin tsarin a rufe, ya tare man, iskar ta wuce. Amma fa sai mai filta a ciki da bawul na sakin matsi, irin ProVent 200 na kamfanin Mann+Hummel, da tiyo mai faɗin na asali. Fankon gwangwani mai siririn tiyo, wanda ake saye don arha, yana iya shaƙe injin har mai ya ɓallo ta sil ɗin kiranshaf ko gejin awon baƙin mai ya yi tsalle. Yana kuma son kulawa, domin idan ya cika ba a zubar ba, turbo zai zuƙi man, alhali injin dizal yana iya tashi da baƙin mai ya yi ta gudu ko an kashe makulli.

Ni dai gwangwani mai kyau na zaɓa maka, Alhaji. Kafin ka nufi kasuwar kayan gyaran mota ta Ƙofar Ruwa, ka bar injin ya yi zafi yana silo, ka kwance murfin zuba baƙin mai ka ɗora shi a bakin ramin ba tare da ɗaurewa ba. Idan rawa kawai yake yi, da sauƙi. Idan hayaƙi yana tunkuɗe shi yana faɗuwa, to mai yiwuwa ringi ko silinda sun cinye, sai a auna matsin kowace silinda kafin a kashe ko kwabo a kan gwangwani.