Canon TC-80N3: rimot mai lissafin lokaci don ɗaukar timelapse

Timelapse shi ne a ɗauki hotuna da yawa a jere, da tazara a tsakaninsu, a haɗa su su zama bidiyo mai sauri. Wannan ɗan rimot, da ake haɗa shi da kyamara ta waya, yana yin abin da aka saye shi domin sa: kana saita tazara tsakanin hoto da hoto, daga daƙiƙa 1 har kusan awa 100, shi kuma ya riƙa danna kyamara. Batirinsa CR2032 ne guda ɗaya, yana daɗewa sosai.

Inda mutane ke tuntuɓe shi ne adadin hotuna, domin lambar tana tsayawa ne a 99. Bidiyon daƙiƙa 10 mai hoto 25 a kowace daƙiƙa yana buƙatar hoto 250, ka ga 99 ko daƙiƙa 4 ba za su cika ba. Sai ka bar lambar a 00, ya yi ta ɗauka har ka tsayar da shi. Lissafin lokacin kuma naka ne: hoto 250 a tazarar daƙiƙa 5 zai ci kusan minti 21.

Gajimare mai gudu, tazarar daƙiƙa 2 zuwa 3 ta ishe shi. Taurari kuwa, idan kowane hoto yana cin daƙiƙa 20, sa tazarar 25, in ba haka ba rimot zai danna kyamara tana tsakiyar aiki, a tsallake hoto, bidiyo ya riƙa tsalle.

Aibinsa biyu. Yana da tsada, sannan bakin wayarsa N3 ne, wanda ke shiga kyamarorin Canon irin 5D, 6D da 7D, amma ba ya shiga ƙananan kyamarori irin 600D. Duba ramin kyamararka kafin ka biya kuɗi.