Ƙiyasin kuɗin fansho: lissafin ka ko kalkuleta?

Masu son sanin nawa kuɗin fanshonsu na wurin aiki zai zama ranar ritaya, yawanci hanya biyu suke bi.

Ta farko ƙa'idar 72 ce, ko biro ba ka buƙata. Ka raba 72 da kason ribar shekara, amsar ita ce shekarun da kuɗin zai ninka. Ribar kashi 6 cikin ɗari, shekara 12 kenan, to dubu 100 za ta koma wajen dubu 400 a shekara 24. Matsalarta dai abin da ke cikin asusu yau kawai take gani, ba ruwanta da wanda ake cire maka a albashi duk wata balle wanda kamfani ke ƙara maka, alhali ga ma'aikacin da bai daɗe da farawa ba ai su ne kusan komai.

Kalkuleta ta intanet kuwa tana haɗa duk wannan, har ƙarin albashi in ka saka. Amma fa abin da ka ba ta shi za ta dawo maka da shi, ka rubuta ribar kashi 10 don ranka ya yi daɗi sai ta fito maka da lamba mai sa jiri. Wasu kalkuletocin ma ba sa cire cajin masu kula da asusu, ga hauhawar farashi, riba 6 hauhawa 4 saura 2 kenan, ninkin gaske sai shekara 36.

Ni dai kalkuleta nake ɗauka, na buga sau biyu, da riba ƙasa-ƙasa da kuma matsakaiciya.