Likitarsu ta kwantar min da hankali, masu karɓar kuɗi sun ɓata min rai

Likitar da ta yi min sikanin a wani wurin ɗaukar hoton ciki da na je, Allah ya saka mata da alheri. Ciwo nake ji a gefen dama, ƙarƙashin haƙarƙari, shi ya kai ni. Da ta ce akwai ɗan tsiro a madaciyata sai gabana ya faɗi, don mu da an ce tsiro, sankara ce ke fara zuwa mana a rai. Ba ta bar ni a haka ba. Ta juyo min allon na'urar, ta sa na kwanta ta hagu, ta ce: "Hajiya, kin ga bai motsa ba? Da dutse ne da ya gangara, kuma da kin ga baƙar inuwa a bayansa. Wannan manne yake da bangon madaciya."

Ta auna shi, milimita 7. Ta ce mafi yawan irinsa kitsen kwalastarol ne ya taru, ba sa zama komai. Sai ya kai milimita 10, ko an ga yana girma, ko mutum ya manyanta, ake maganar cire madaciyar. Ta rubuta min in dawo bayan wata 6 a sake aunawa. Har gargaɗi ta yi min cewa babu maganin da ke narkar da shi, kada masu tallan magani da lasifika su cinye min kuɗi. Kuma ta ce ƙila ba shi ne ke sa ciwon ba, in koma wurin likitana a duba sauran.

Amma fa kafin in kai gabanta na sha takaici, kuma ina rubutun nan raina yana sake ɓaci. Na kira su tun kafin in zo, ba wanda ya ce in zo ban ci komai ba. Na sha kunu da ƙosai, na biya kuɗi, na zauna layi har azahar, sannan aka ce madaciya ta tsuke saboda abinci, ba za ta ganu ba, sai mutum ya yi awa 6 zuwa 8 bai ci ba. Da na dawo suka ce in sake biya cikakke. Na nuna rasit, yarinyar da ke kanta ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce haka doka take. Haba! Magana ɗaya ce a waya da ta hana duk wannan. Akwai wata dattijuwa daga ƙauye da aka mayar kamar ni, tana ta lissafin kuɗin mota.

Saboda likitar zan koma na wata shidan, don ina so hannun da ya auna shi ya sake aunawa. Amma ban yafe kuɗina na farko ba, kuma duk mai zuwa ya je da azuminsa, kada ya jira su gaya masa.