Kayan ɗakin addu'a na gefen coci: aikin katakonsu ya yi, sauran a sa ido

Akwai wani shagon kafintoci a Mabera, nan cikin Sakkwato, da ke karɓar aikin ƙaramin ɗakin addu'a, irin wanda ake keɓewa a gefen cocin Katolika don ajiye Jibin Ubangiji (gurasar da aka tsarkake a lokacin ibada) ko girmama Budurwa Maryamu. Suna yin bagade (teburin ibada), bencina masu wurin durƙuso, gicciye, da allunan Hanyar Gicciye guda 14, masu nuna wahalar Yesu.

A aikin katako ba su da matsala. Da madaci suke yin bagade, tsayinsa kusan mita 1, kuma suna sassaƙa mahaɗar katakon ya shiga juna maimakon su dogara da ƙusa da gam kawai. A garin nan wannan ba ƙaramin abu ba ne. Katakon da ya zo daga Kudu da ɗanyensa, da zarar iskar hunturu ta buge shi a Disamba sai ya tsotse, mahaɗa ta buɗe har a iya zura wuƙa a ciki. Don haka a ba su aiki da rani, a kuma nemi ganin falankin kafin a yanka. Busasshe ba ya da nauyin ɗanye, in an ƙwanƙwasa shi yana amsawa ras.

Wurin durƙuso kuwa sun cika ɗaga shi. Santimita 15 zuwa 18 daga ƙasa ya isa, har da soso. Ya wuce haka, tsofaffi za su koma zama.

Inda suka gaza shi ne mutum-mutumi. Ba su ke yi ba, sarowa suke, kuma na farar ƙasa ne mai sauƙin ɓarewa. Yatsun hannu da gefen mayafi su ke fara guntulewa, fentin shuɗin rigar Maryamu kuma yana koɗewa in rana na dukansa ta taga. Gara a nemi na faiba, a ajiye shi a bangon da hasken yamma ba ya kaiwa. Folish ɗinsu ma mai ƙyalli ne sosai, yana tara ƙura kamar an yayyafa gari. A ce musu mara ƙyalli ake so, shafi 3, ana bi da sanfefa tsakani.

Akwatin ajiye Jibin Ubangiji dole ya zama mai ƙarfi, a kafe, mai makulli, haka dokar Ikilisiya ta tanada. Nasu na katako ne da bayan filawud, wanda gara ke fara ci. A sa maƙeri ya yi na ƙarfe, su kuma su lulluɓe shi da madaci, a ɗaure shi a bango da noti 4. Ƙafafun bagade kada su taɓa siminti kai tsaye, a sa roba a ƙasa bayan an shafa maganin gara.

Ba sa haɗa jar fitilar da ke ci dare da rana kusa da akwatin. Kyandir yana lanƙwashewa a zafin Afrilu, shi ya sa da yawa ke sa ƙaramin ƙwai mai batirin sola, amma a fara jin ta bakin Fada, limamin cocin, kafin a ja waya.