Hattara da jabun fulogin iridiyam da ake tallata wa masu tseren mota

Jama'a, akwai masu sayar da kayan mota a Facebook da WhatsApp da wasu shagunan intanet da ke tallan fulogi mai tambarin NGK ko Denso, suna cewa na tsere ne mai bakin iridiyam (wani ƙarfe mai tsada da ke jure zafi), a farashin da bai kai rabin na dilan kamfani ba. Uzurinsu kusan iri ɗaya ne: wai kwantan kaya ne, ko kwantena ce aka yi gwanjonta. Kwali ya yi kyau, rubutu ya fito raɗau, amma abin da ke ciki jabu ne. Wasu kuma tsoffin fulogai suke karkarewa su mayar cikin sabon kwali. Mafi sharrinsu su ne masu sa na gaske ɗaya a saman kwalin fulogi huɗu domin wanda zai buɗe ya duba, sauran ukun na bogi.

Abin da ya sa cutar ke daɗewa ba a gano ta ba shi ne jabun fulogi yana tada mota. A tuƙin cikin gari zai iya yin watanni ba a ji komai ba. Filin tsere ne ke tona masa asiri, inda ake ta taka totur har ƙasa a kai a kai na tsawon minti goma sha biyar ko ashirin. Bakin fulogi yana bukatar ya zauna tsakanin digiri 500 zuwa 800 a ma'aunin Salsiyos. Idan ya gaza haka baƙin hayaƙi ya lulluɓe shi, wuta ta riƙa tsallake. Idan ya zarce sai ya yi jajir ya kunna fetur tun kafin tartsatsi ya fito, fistin yana hawowa wuta tana danna shi ƙasa. Cikin daƙiƙoƙi kaɗan kan fistin zai iya hujewa.

Abin da ke janye zafin daga baki zuwa kan inji shi ne jan ƙarfen da aka cusa a tsakiyar fulogin, tare da tsawon hancin tangaran ɗinsa. A nan masu jabu ke rage kuɗi: jan ƙarfen ya zama guntu ko babu shi sam, kuma ido ba ya ganin haka daga waje. Saboda haka lambar zafin da suka buga a jiki, wadda ya kamata ta nuna yadda fulogin ke saurin fitar da zafi, tawada ce kawai. Bakin ma haka. Iridiyam sai ya haura digiri 2,400 yake narkewa, shi kuwa nikel ɗin da suke ferewa ya yi kama da shi yana narkewa a wajen 1,450. Yakan cinye da wuri, tazara ta buɗe, kwayil ya galabaita, wani lokaci ƙarfen gefen ya ɓalle ya faɗa cikin silinda ya daki bawul, ya wuce ya farfasa tabo (turbo), wato na'urar da ke ƙara tura iska cikin inji.

Su kuma suna cin kasuwa ne da rashin sanin lamba. A wajen NGK da Denso, lamba tana hawa fulogi yana ƙara sanyi: 6, 7, 8 na NGK sun yi daidai da 20, 22, 24 na Denso. A wajen Bosch da Champion akasin haka ne. Duk wanda ya ce maka babbar lamba tana ƙara wa mota ƙarfi, ƙarya yake yi, a NGK da Denso kariya kawai take bayarwa daga zafi. Injin da ba a taɓa ba, abin da littafin mota ya rubuta ya ishe shi, ko mataki ɗaya mafi sanyi. Injin da aka ƙara wa ƙarfi, ƙa'idar da aka saba bi ita ce mataki ɗaya ga kowane ƙarin ƙarfin doki 75 zuwa 100.

Kafin a ɗaura, a zazzage duka a kan tebur, a jera su kusa da wanda aka tabbatar na dila ne. Siririn bakin NGK Iridium IX milimita 0.6 ne, na Denso Iridium Power 0.4, kuma da gilashin ƙara girma ana ganin zoben waldar da ta haɗa shi da gindinsa. Idan baki da gindi ƙarfe ɗaya ne da aka fere, ko kaurin ya bambanta daga wannan fulogi zuwa wancan, a ajiye. Washar da ke ƙasan wurin kama sifana, a NGK na gaske tana juyawa amma ba ta zamewa ta fita, ta jabu sau da yawa da yatsa ake zare ta. A nemi lambar rukunin ƙira da aka buga a jikin ƙarfen, a kuma duba haƙoran ɗauri ko akwai kaushi.

Sai gwaji da mitar awon lantarki. Fulogin da ke da harafin R a lambarsa, kamar BKR7EIX, yana da rizisto a ciki, wato abin da ke rage wa lantarki gudu, wanda ake auna shi da om. A sa wayar mita ɗaya a kan fulogin, ɗaya a bakin tsakiya, a hankali don kada ya karye. Ya kamata a ga kusan om 5,000. Idan ɗaya ya nuna kusan sifiri, wani ya wuce 10,000, to akwai jabu ko lalatacce a cikinsu. Wannan gwajin yana kama da yawa, amma cin sa ba shaida ba ce cewa akwai jan ƙarfe a ciki. Shi ya sa muke dagewa a kan dilan da kamfani ya amince da shi, da rasit mai ɗauke da cikakkiyar lambar fulogin. Wanda ya ce a fara tura kuɗi, ba rasit, ba dawo da kaya, a bar masa kayansa.

Wanda ya riga ya ɗaura irin waɗannan, kada ya shiga fili da su. Idan kuma an shiga, da an ji inji yana ƙwanƙwasa ko yana tsallake wuta a babban gudu, a saki totur a fita. A bar inji ya huce, a kwance a duba. Tangaran mai ruwan ƙasa-ƙasa lafiya ne. Fari fat mai ƙuraje alama ce ta zafi ya yi yawa, ɗigo-ɗigo masu ƙyalli kamar an yayyafa azurfa kuwa suna iya nuna cewa fistin ya fara narkewa, sai a auna matsin kowace silinda kafin a sake tada shi. Wajen ɗaura sababbi, a fara murzawa da hannu, a ƙarasa da sifana mai awo: Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri) 25 zuwa 30 ga fulogin da kaurin wurin haƙoransa milimita 14 ne a kan inji na alminiyam, 15 zuwa 20 ga mai milimita 12, kuma NGK ta ce kada a shafa wa haƙoran man hana kamewa. Jabun da aka cire a ɗauki hotonsu tare da kwalin da shafin tallan, a kai ƙorafi ga dandalin da aka saya da kuma wakilin kamfanin.