Excel ko Google Sheets don lissafin yiwuwa a shago?

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Tsakanin manhajojin lissafi biyu da ka kawo, Excel da Google Sheets, in dai lissafin yiwuwa (auna kashi nawa abu zai iya faruwa) na cinikin shago za ka yi, ka ɗauki Google Sheets. Ba ka biyan ko sisi, kuma da wayar da ke hannunka za ka fara.

Ni nake riƙe wa yayana lissafin shagonsa na kayan waya a Kano, caja da fawa banki da iyafis, kuma a Sheets muke komai. Wani zuwa da ya yi Legas sarin kaya, yana tsaye gaban dila a Ikeja, sai ya buɗe takardar lissafin ta Sheets a wayarsa. Ya ga cinikin da yaron shago ya shigar da safe, ni kuma ina gida ina gyara fomula, adadin yana canzawa a gaban idonsa. A tsaye ya yanke nawa zai ɗauko na kowane kaya, ba kiraye-kiraye, ba "bari in duba littafi". Mutumin da a da ba ya yarda da komai sai biro da takarda, yanzu shi ke tambayata me lissafi ya nuna. Kuma idan wani ya taɓa adadi, takardar tana ajiye tarihin wanda ya canza da lokacin da ya canza. Wannan kaɗai ya kashe mana gardama da yawa da yaran shago.

Lissafin kansa ba wuya. Fara da bashi, don nan ne kuɗin ɗan kasuwa ke maƙalewa. A ce ka ba da bashi sau 200, a layin tsaye na C kana rubuta "ya biya" ko "bai biya ba". Sai ka sa =COUNTIF(C2:C201,"ya biya")/COUNTA(C2:C201). Idan 170 suka biya kan lokaci, za ka ga 0.85, wato kashi 85 cikin ɗari. Amma kada ka tsaya nan. Ka ƙara layi ɗaya na "sabo" ko "tsoho", ka yi amfani da COUNTIFS, fomular ƙirga da sharaɗi fiye da ɗaya, ka raba su. Sau da yawa a nan za ka gane cewa tsofaffin kwastomomi ne ke rufa wa adadin asiri, sababbi ne ke tafiya da kuɗin. Abin da zai ɓata maka wannan lissafi shi ne rubutu barkatai: yau "ya biya", gobe "yabiya", jibi da tazara a ƙarshe. Fomula ba za ta ƙirga su tare ba. Ka saka wa layin jerin zaɓi ta Data validation, yaro ya riƙa dannawa kawai.

Na biyu, kaya masu matsala. A ce bisa abin da ka rubuta, caja 5 cikin kowace 100 ake dawo maka da su. Ka sari kwali mai guda 20. Sa =BINOM.DIST(0,20,0.05,FALSE), za ka samu kusan 0.36. Ma'ana, yiwuwar kwalin ya fito ba mara kyau ko ɗaya kashi 36 ce kacal. Kashi 64 za ka tarar da aƙalla guda. Saboda haka caja ɗaya da ta ƙi aiki ba dalilin faɗa da dila ba ne. Yanzu sa =1-BINOM.DIST(2,20,0.05,TRUE), zai ba ka kusan kashi 7.5, yiwuwar samun uku ko fiye. Idan kwali bayan kwali kana tsintar uku-huɗu, to ba tsautsayi ba ne, an sauya maka ingancin kaya, kuma kana da hujjar da za ka nuna. Ka lura da TRUE da FALSE ɗin nan sosai: FALSE na nufin daidai wannan adadi, TRUE na nufin wannan adadi da duk na ƙasa da shi. Yawancin masu cewa fomula ta yi musu ƙarya, nan suka juya.

Na uku shi ne wanda na fi ƙauna, nawa za ka ajiye kada kaya su yanke. Idan matsakaicin fawa bankin da kake sayarwa a rana 4 ne, kuma ka ajiye 6, sa =1-POISSON.DIST(6,4,TRUE). Kusan kashi 11 ke nan, wato kamar rana ɗaya cikin tara za ka ce wa kwastoma babu. Ka ajiye 8, ya sauko kusan kashi 2. Daga nan kai za ka auna ko ɗaure kuɗin guda biyu ya fi maka sauƙi a kan rasa ciniki. Sai dai kada ka haɗa cinikin makon Sallah da na sauran ranaku ka fitar da matsakaici ɗaya, kowanne ka ware masa nasa. Kuma bayanan kwana goma ba su isa ka gina hukunci a kansu ba, ka bari su taru.

Excel kuwa, ba zan hana shi haƙƙinsa ba. Duk fomulolin nan suna aiki a cikinsa harafi da harafi tun daga na 2010, yana ɗaukar layin kwance 1,048,576, kuma na kwamfuta ba ruwansa da intanet. Idan aikin banki ko kamfani kake nema, ka koye shi. Amma cikakkensa na kuɗi ne, kuma shago ɗaya ba zai taɓa cika layi miliyan ba. Maganar rashin netwok ma, a manhajar Sheets ta waya kana iya ajiye takarda ta buɗu ba data, in netwok ya dawo ta haɗe da kanta.

Ba ka tambaya ba, amma dole in ja kunnenka game da masu saka manhaja. Wani zai karɓi kuɗinka ya ce ya saka maka Office, kunshin manhajojin Microsoft da Excel ke ciki, "orijinal na har abada", alhali fasasshe ne. Irin kunnawar da yawancinsu ke yi kwana 180 take ɗauka, kuma sai sun kashe maka kariyar kwamfuta kafin ta shiga. Wani kuma zai sayar maka da asusu mai araha da adireshin wata makaranta ko kamfanin da ba ka sani ba. Mai kula da wannan asusu yana iya rufe shi ko ya kai ga fayilolinka, sunayen masu bashinka da ribarka duk a ciki. Akwai masu tallar Office 2016 da 2019 kamar sababbi, bayan Microsoft ta daina tallafa musu tun 14 ga Oktoba, 2025. Sannan ga masu sayar da takarda kullalliya wai tana hango cinikin gobe. Duk wanda ya ɓoye maka fomula, kada ka ba shi kuɗinka. Kuma ko wa zai taimaka maka buɗe Sheets, kada ka ba shi kalmar sirrin asusunka na Google. In lallai sai ka yi aiki a kwamfuta ba intanet kuma ba kuɗi, LibreOffice Calc, manhajar lissafi irin Excel, kyauta ne halak malak.

'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da ke nan, idan na'urarku tana kan Faransanci, alamar ; za ku sa tsakanin sassan fomula maimakon waƙafi, 0.05 ya koma 0,05, kuma a Excel COUNTIF sunansa NB.SI.

Kai dai yau da dare ka buɗe takarda da layi biyar: kwanan wata, kaya, adadi, sabo ko tsoho, ya biya ko bai biya ba. In ta tara wata biyu, ka turo hotonta nan ba tare da sunayen mutane ba, mu duba fomulolin tare.